Ciwon gaske ne, ki je wajen likitan

Sannu 'yar uwa, Allah ya ƙara sauƙi. Kin ce an gano fibromyalgia ce, wato cutar da ke sa ciwo ko'ina a jiki, aka tura ki wajen likitan ƙwaƙwalwa, shine kike tsoron ko sun ɗauka ciwon ƙarya kike. Wallahi a'a. A wannan cutar ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ne suke ƙara wa ciwo ƙarfi kamar rediyon da aka ƙure wa murya, shiyasa gwajin jini da hoto suke fitowa ƙalau amma ke jiki duk ciwo ga gajiya ga barci ba daɗi. A wajen likitan ƙwaƙwalwa akwai hanyar magani da ake cewa CBT, zaman tattaunawa ne ake yi, a koya miki rage tsoron ciwon da raba aiki da hutu, kuma sai an ɗau makonni kafin a ji bambanci. Ki haɗa da ɗan tattaki kullum, maganinki kuma kar ki ajiye sai da sanin likita.