Malamaina sun koma shan haɗin kemis saboda koyarwa ta waya

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni shugabar wata sakandare ce mai zaman kanta. Tun da aka rufe mu saboda matsalar tsaro muka koma koyarwa ta WhatsApp. Wata biyu ke nan malamaina ba sa samun barci, iyaye na kiransu har sha ɗayan dare. Wata malama ta ce min sai ta sha haɗin maganin gajiya take iya ɗaukar darasi. Ina tsoron kada wani ya faɗi a hannuna. Yaya zan yi?

Amsa: Wa'alaikumus salam Hajiya. Kina da gaskiyar jin tsoro. Mun ga haka a 2020, da korona ta sa aka rufe makarantu a watan Maris, Kano da Kaduna suka koma darasi ta rediyo, makarantun kuɗi kuma suka rungumi waya. A makaranta in an kaɗa ƙararrawa kowa ya kama gabansa. A waya ba mai kaɗa ta, aji ya bi malami har kan katifarsa.

Amma bari in tsaya kan haɗin nan, don ba ranar da ba na ganin ɓarnarsa. Yaron kemis zai buɗe robobi huɗu ko biyar, ya zubo ja da fari da rawaya a ledar da ba suna, ya ce "na gajiya ne, Malama, ki sha bayan abinci." Me ke ciki? Galibi diclofenac da ibuprofen a haɗe, magungunan kashe raɗaɗi waɗanda ko guda ɗaya aka daɗe ana sha yana kawo gyambon ciki ya taɓa ƙoda. A ɗora dexamethasone ko prednisolone, magungunan rage kumburi masu sa ƙiba, wani marar tsoron Allah ya jefa tramadol. Kwana biyu mutum ya ji shi garau, ya ce magani ya karɓe shi. Bayan 'yan makonni kumatu su ciko, 'yan'uwa na ta "masha Allah, zaman gida ya karɓe ki", alhali sukari da jini ne ke hawa. Tramadol kuwa ranar da ba a sha ba jiki ya ɗau ciwo, hanci na yoyo, sai a sake komawa wurin yaron, shi kuma kasuwa ta buɗe. Na gaji da jin "ai ba ƙwaya ba ce, maganin gajiya ne." Ƙwayar ke nan.

Kada ki ce wa malamar ta yanke shi dare ɗaya. In ta yi makonni tana sha, barinsa kwatsam na iya kwantar da ita. A hankali likita zai janye mata. Ta zo asibiti da ledar a hannunta, a auna jini da sukari da ƙoda. Gajiyar da ta ƙi tafiya kan zama ƙarancin jini ko ciwon damuwa.

Saura kuma aikinki ne. Tun 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin wannan gajiya a matsayin abin da matsin wurin aiki ke haifarwa, don haka wa'azin haƙuri a taron malamai ba zai gyara ta ba. Ki yanka lokaci, ko da takwas zuwa biyu ne, ki sanar da iyaye da bakinki, domin malamar da take jiran albashi ba za ta iya kashe wa Alhaji waya ba. Kuɗin data ya fito daga asusun makaranta. Darasi ɗaya na murya ya wadaci duk azuzuwan da ke aji guda, a bar sa mutum ya maimaita sau uku. Rahoton kullum ɗin nan da ba mai karanta shi, ki mayar da shi na mako.

In kuwa kin ji wani cikinsu na cewa gara ya mutu ya huta, a ranar za a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa mafi kusa, Dawanau a Kano ne, Barnawa a Kaduna ko Kware a Sakkwato, kuma kada a bar shi ya tafi shi kaɗai.