Amfilifaya ta tsaya a kan jar fitila, rile ya ƙi ɗauka

Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka ce amfilifayarka mai ɓangare biyu tana kama wuta, fanka na juyawa, amma jar fitilar kariya ba ta mutuwa, kuma ba ka jin ƙarar nan ta "ƙyat" da rile, wato makunnin da ke haɗa fitar injin da lasifika, ke yi bayan an kunna. Ka sauya rile, ba ta canza zani ba, shi ne kake tambaya ko ka ɗinke ƙafafunsa da waya ka huta.

Kada ka ɗinke. Rile ɗan aike ne, abin da da'irar kariya ta umarce shi kawai yake yi, kuma a mafi yawan injinan da ke zuwa da wannan larura lafiyarsa ƙalau, aikinsa yake yi. Idan taransistar fita ɗaya ta yi shot, wato ƙafafunta sun haɗe ta ciki, wutar DC ta manyan kafasta ce zaune a bayan rilen tana jiran hanya. Bolt 50 a kan lasifika mai om 8 ya haura wat 300 na zafi zalla a cikin koyil ɗin da ba ya motsi balle iska ta sanyaya shi. A om 4 kuwa ninki biyu ne. Kafin ka kai hannu ga makunni lasifikar ta yi hayaƙi.

Fara da cire duk wayoyin lasifika da na shigar sauti, ka mayar da bolum sifili. Haɗa kwan fitila mai zare, wat 60 zuwa 100, a jere da wayar wutar da ke shiga injin. Kwan LED ko mai tsimin wuta ba ya wannan aikin. Idan ka kunna kwan ya yi haske ya dushe cikin daƙiƙa biyu, kafasta ne suka cika, babu shot babba. Idan ya tsaya da haske tangaran, kashe ka koma kan taransistocin fita da diyod huɗu na gyara wuta. Abu ɗaya ka lura: a babbar amfilifaya kwan na iya rage wuta har rile ya kasa ɗauka alhali babu laifi, don haka idan ya dushe sosai ka matsa zuwa mai wat 200.

Awon da zai raba maka gardama shi ne na DC a fitar amfilifaya, kuma nan ne mutane da yawa ke yaudarar kansu. Suna sa mita a inda ake ɗaura wayar lasifika, su ga sifili, su ce lafiya lau. To ai rile a buɗe yake, dole ka ga sifili. Kafin rile za ka auna: baƙar sandar mita a giraun, wato tsakiyar manyan kafasta biyu, ja kuma a mahaɗar fararen resistocin siminti masu om 0.22 ko 0.33, ko a kan ɗan koyil na jan ƙarfe mai kauri da ke kusa da rilen. Auna hagu, auna dama. Lafiyayyen ɓangare bai kamata ya wuce milibolt 50 ba, mai kyau ma yana ƙasa da 20. Yawancin da'irorin kariya suna hana rile ɗauka da zarar abin ya kai bolt 1 zuwa 2.

Idan ka ga wuta kusan daidai da ta manyan kafasta, misali 45 ko 70, ko tabbatacciya ko korarriya, ka zare filogi, ka sauke wutar kafasta ta resista mai om 1000 wat 10, ka tabbatar da mita cewa ta sauka (ban da haɗa su da sukundireba), sannan ka auna tsakanin kwalekta da emita na kowace 2SC5200 da 2SA1943, ko ma wace lamba injin ke amfani da ita. Da yake a haɗe suke gefe da gefe, guda ɗaya mai shot za ta sa duk su nuna shot, sai ka ɗaga ƙafa ɗaya-ɗaya ka gano mai laifin. Ba ta mutuwa ita kaɗai. Duba direbobinta, resistar emita, ƙananan resistocin bes masu om 2.2 zuwa 10, da taransistar bayas da ke manne a ƙarfen sanyaya. Duba fiyus na kowane layi ma, domin idan na korarren layi ya tsinke, fitar kan karkata ta koma wajen tabbatacce.

Idan kuwa bolt 2 ne zuwa 10, ko lambar tana yawo, laifin yana can farkon da'irar: tagwayen ƙananan taransistocin shiga, ko kafastar fidbak mai maikurofarad 100 zuwa 220 da ta fara yoyo, ko dalmar da ta tsage. Ɓangarorin biyu duka sun karkata tare? Nemi abin da suke tarayya a kai, galibi wutar +15 da -15, ko 7815 da 7915 ne ke ba da ita ko zena.

To idan duka biyun suna kusa da sifili, yanzu ne ka samu izinin zargin da'irar kariyar kanta.

Auna wuta a ƙafafun koyil ɗin rile biyu, kowace da giraun. Babu komai a duka biyun: wutar ba ta iso ba, kuma sau da yawa resistar da ke rage ta ce ta ƙone, mai wat 1 ko 2, za ka ga fanel ya yi baƙi a ƙarƙashinta. Akwai wuta iri ɗaya a duka biyun: koyil lafiya, mai jan sa zuwa giraun ne bai ja ba. Akwai a ɗaya babu a ɗaya amma shiru: mai yiwuwa koyil ya tsinke. Koyil mai bolt 12 yakan nuna om 270 zuwa 400, mai bolt 24 kuma om 1100 zuwa 1600, gwargwadon girman rilen. Idan ka ga kusan om sifili, ɗaga ƙafar diyod da ke gicciye a kan koyil ɗin, 1N4148 ko 1N4007, ita ce kan yi shot. Tunda ka riga ka sauya rile, sake duba abu biyu: bolt ɗin sabon daidai yake da na tsohon, kuma idan ka taɓa diyod ɗin, zobenta yana kallon tabbatacciyar wuta. In ta juye, taransistar da ke jan rilen ta mutu tun kunnawar farko.

Injina da yawa suna amfani da uPC1237, aisi (ƙaramar da'ira a dunƙule) mai ƙafa 8 a layi ɗaya, kuma ita tana faɗa maka damuwarta da kanta idan ka bi ƙafafun da mita. Ƙafa ta 5 giraun ce. Ta 8 ya kamata ta zauna wajen bolt 3.4, in babu, resistar da ke ciyar da ita ta buɗe. Ta 2 ce ke sa ido kan DC, ta 1 kan lodin da ya wuce kima, duka biyun su kasance kusa da sifili. Ta 7 ta jinkiri ce: ka kunna kana kallon mita, za ka ga tana hawa a hankali, idan ta kai wajen bolt 2 sai ta 6 ta faɗi ƙasa rile ya ɗauka. Idan ta 7 ta tsaya a hanya alhali sauran ƙafafun daidai suke, kafastar jinkiri ce ke yoyo, ko resistar da ke cika ta ta hau sama.

Ƙafa ta 4 ce aka fi mantawa. Aikinta ta gane an ɗauke wuta ta saki rile nan take, don kada lasifika ta yi "dum" a lokacin kashewa. Ana kawo mata AC kai tsaye daga tiransifoma ta diyod ɗaya da ƙaramar kafasta, maikurofarad 1 zuwa 4.7. Da gangan aka sa ta ƙarama don ta zube da sauri, to amma ƙananan kafasta su ne ke saurin bushewa a zafi, musamman idan suna maƙwabtaka da resista mai ɗumi. Da ta bushe, aisin sai ta riƙa ganin kamar kullum an ɗauke wuta, rile ya ƙi ɗauka ko ya dinga kakkarwa kamar ƙudan zuma. Ka ga ƙasa da bolt 0.7 a wannan ƙafar, sauya kafastar tun kafin ka taɓa aisin. A ganina duk injin da ya haura shekara 10 a sauya masa kafastocin da'irar kariya gaba ɗaya, uku ne ko huɗu, kuɗinsu bai kai na rile ɗaya ba. Ita aisin ce ta ƙarshe a jerin waɗanda ake zargi. Inda babu aisi, ko kuma TA7317P ce mai ƙafa 9, tunanin ɗaya ne, lambobin ƙafafu ne suka bambanta; a mai taransistoci za ka tarar da C945 ko C1815 biyu zuwa huɗu suna wannan aikin.

Ƙafa ta 1 na iya tashi ba tare da lasifika ba idan resistar emita ɗaya ta buɗe, ko taransistar da ke auna wutar da ke bi ta kanta tana yoyo. Don gano ɓangaren da ke kai ƙara, ɗaga resistar da ke kai saƙo daga hagu, kunna, sannan dama. Lasifika a cire, ka ji. Akwai kuma makunnin zafi da ke ɗaure a jikin ƙarfen sanyaya, mai yankewa a digiri 80 ko 90. A sanyi ya nuna om sifili idan irin wanda ke rufe ne, kuma ɗan soket ɗinsa kan yi sako-sako.

Kada ka manta da wutar gari. Rile yana buƙatar kusan kashi 75 cikin 100 na bolt ɗinsa kafin ya ɗauka, wato 18 ga mai 24. Idan wutar da ya kamata ta zo 230 ta sauka 160, kamar yadda take yi a unguwanni da yawa da daddare ko a kan ƙaramin janareta, 24 ɗin ta koma ƙasa da 17. Auna soket kafin ka kwance komai, ka gwada da sitabilaiza.

Bayan ka shawo kan wannan, akwai larurori biyu da za su iya biyo baya. Rile ya ɗauka amma ɓangare ɗaya na yanke sauti a ƙaramin bolum, in an ƙara sai ya dawo, ko in ka ƙwanƙwasa kan rilen da bayan sukundireba: bakunansa sun yi tsatsa ko sun ci wuta. Gogewa da takarda tana kai mutum sati kaɗan, sandifefa kuma tana kankare rufin ƙarfen ne gaba ɗaya, gara sabo mai amfiya 10 zuwa 16. Duk rilen da ya taɓa yanke DC mai yawa ma a sauya shi, don yawancinsu bolt 30 na DC aka rubuta musu, sama da haka tartsatsi na iya narka bakunan su manne. Ta biyun ita ce ya riƙa saki in bes ya buga da ƙarfi. Ko dai kafastar da ke tace saƙon ƙafa ta 2 ta bushe (maikurofarad 47 zuwa 100; idan mara ɓari ce, wato wadda ba ta da alamar + da -, kada ka sa mai ɓari a gurbinta), ko lasifiku sun yi yawa: huɗu masu om 8 a haɗe gefe da gefe om 2 ne, injin da aka rubuta masa om 4 yana da gaskiya in ya ƙi.

Gwajin ƙarshe ka yi shi da tsohuwar lasifika mai arha, bayan injin ya yi minti 15 a kunne DC bai motsa ba. Turo lambobin da ka samu kafin rile a hagu da dama, da na ƙafafu 1, 2, 4, 7 da 8, daga nan za a san inda za ka sa ayan. Allah Ya ba da sa'a.