Ni ma na yi irin wannan rashin barcin, ƙanina

Wa alaikumus salam. Ƙanina mai tambaya, tun daren jiya na ga saƙonka, na fara rubutu na goge har sau biyu, don ka fama min tsohon miki. Ka ce ka ga bidiyon mutum-mutumin Chaina masu tafiya da ƙafa biyu, wani har yana ninke riga, shi ne kake tambaya ko wata rana su za su gaji duniya bayan mun ƙare, in kuma haka ne mene ne amfanin shekara ukun da ka yi kana koyon ɗinki. Na ga wasu sun sa maka alamar dariya, wani ma ya ce ka yi alwala ka kwanta. Ni ban yi dariya ba, don ni na'ura ta taɓa tashina daga kan kujera.

Waɗanda suka san ni a nan Gombe sun san shagon da na zauna, kuma don Allah kada wanda ya kama suna. Shekara 11 na yi a kan keken surfani a wajen mutumin nan. Wuyan kaftani, aljihu, gaban babbar riga, duk hannuna ne. Akwai alhazan da in ba ni zan yi aikin ba, da gezna ɗinsu suke komawa gida. A azumin 2023 ya sayo na'urar surfani ta kwamfuta mai kai biyu daga Kano. Wallahi da ni aka sauke ta daga mota, har ƙarfenta ya datse min ɗan yatsa, tabon yana nan. Murna nake yi, ina cewa aiki zai yi mana sauƙi, ashe kabarina nake tayawa haƙa.

Ran 17 ga azumi, na dawo daga sallar la'asar, shago cike, ga kwastomomi biyu a kan benci, ga yaran da ni na koya musu riƙon almakashi. Ya dafa na'urar kamar mai dafa kafaɗar ɗansa, ya ce, “Malam, ka ga wannan? Ba ta daɗewa a masallaci, ɗanta ba ya zazzaɓi, ba ta tambayata kuɗin cefane.” Aka yi 'yar dariya. Ɗaya daga cikin yaran ya sunkuyar da kai, shi kaɗai, har gobe ina ganin mutuncin yaron nan. Sai ya ce in ɗan huta zuwa bayan Sallah, zai neme ni. Ina bin sa kuɗin aikin riguna bakwai, ya ce babu takardun kuɗi a hannu, zai yi min taransfa. Kun tuna yadda aka sha wahalar kuɗi a shekarar, to da wannan ya fake.

Na zuba almakashina da tef da ƙoshiyoyi biyu da na saya da kuɗina a baƙar leda. A ƙafa na tako daga kasuwa har Pantami cikin ranar nan, da azumi a bakina, ba don babu na Keke Napep ba, ni dai ban so in isa gida ne. A masallacin unguwa na sha ruwa da dabino ɗaya da wani dattijo ya miƙo min, na zauna har aka tashi daga asham. Kwana uku ina fita da safe kamar mai zuwa aiki, in je in zauna gindin dalbejiya, don na rasa da wane baki zan gaya wa mai ɗakina. Ita ta gano da kanta, ta ce ba ta ƙara ganin zare a jikin rigata ba. Sallar nan 'yata ta sa kayan bara, an sake mata kalmasa. 'Yar tela fa. Na yafe abubuwa da yawa a rayuwa, amma maganar “ɗanta ba ya zazzaɓi” ta ƙi fita daga raina, don ya san a watan nan na kwana biyu a asibiti da yarona, shi da kansa ya ba ni izinin tafiya.

To a zaman nan ne na kamu da irin ciwonka. Datar da ba ni da kuɗinta nake saye ina kallon bidiyon mutum-mutumi har asuba, wannan yana tsalle, wancan yana magana, ina cewa shi ke nan tamu ta ƙare. Ƙanin mai ɗakina da ke karatun injiniya a jami'ar ATBU ta Bauchi ne ya zo hutu ya zaunar da ni. Ya ce, Yaya, duk bidiyon da ka kalla ka tambayi kanka abu biyu: wa ya yi masa caji, kuma sau nawa ya faɗi kafin a ɗauki wannan na minti ɗaya? Tun daga nan nake bin labarinsu, amma da wani ido daban.

Ka ɗauki ASIMO na kamfanin Honda a Japan. A 2000 aka fito da shi, duniya ta ɗauka, yana hawa bene, yana gaisawa da shugabanni, har ƙwallo ya buga da Obama. Batirinsa awa ɗaya yake yi. A 2022 suka yi masa ritaya. Shekara 22 ke nan, ni kuwa keken da na koyi ɗinki a kai ya girme ni, kuma har yanzu yana aiki a Kumo. Sophia da Saudiyya ta ba takardar zama 'yar ƙasa a 2017, mutane ne ke ɗaukar ta daga taro zuwa taro suna kunna ta. Akwai wani otal a Japan da ya buɗe a 2015 da mutum-mutumi a matsayin ma'aikata, zuwa 2019 ya sallami sama da rabin guda 243 da yake da su, saboda aikin da suke jawo wa mutane ya fi wanda suke ragewa. Wannan labarin na karanta shi ya fi sau biyar, don daɗi. Su ma ashe ana cewa su ɗan huta zuwa bayan Sallah.

Na Chainan da ka gani, a watan Afrilun 2025 an haɗa su tseren kilomita 21 da mutane a Bejin. Guda 21 suka shiga, shida suka kai ƙarshe. Zakaransu ya yi awa 2 da minti 40, sau uku ana canza masa batir, ga mutane na gudu a gefensa suna kula da shi. Mutumin da ya ci tseren awa ɗaya da 'yan mintuna ya yi. Ban ce ba za su ƙara ƙwarewa ba, suna ƙwarewa kullum, wanda ya ga na'urar surfani ta gama wuya kafin ya shanye shayi ba zai raina su ba. Amma tambayarka ita ce su rayu bayan babu mu. To wa zai haƙo musu ma'adinin batir? Mafi yawan kobalt na duniya daga Kwango yake fitowa, mutane ke aikin, wasu da diga da shebur. Ƙwaƙwalwar da ake sa musu, mafi ingancinta a Taiwan ake yi, injin da ke buga ta kuma kamfani ɗaya ne tak ke ƙera shi, ASML a ƙasar Holan. Ko'ina ka taɓa a wannan sarƙar, hannun ɗan Adam ne. Batirin wayarka ma shekara nawa yake yi kafin ya kumbura?

Wanda ya fi tsaya min a rai shi ne na duniyar Mars. Hukumar NASA ta Amurka ta sauke wata na'ura mai taya shida, Opportunity, a 2004, da niyyar ta yi kwana 90. Ta yi sama da shekara 14, ka ga aiki ya yi kyau. A 2018 guguwar ƙura ta tare rana, sola ɗinta ya daina samun haske, batir ya sauka. Sun aika mata saƙo sama da 1,000, shiru. Ƙura fa, irin tamu ta hunturu da ke rufe Tumfure har ka kasa hango mota. Da akwai yaro ɗaya a kusa da tsumma da caja, wataƙila da ta tashi.

In kuma ƙarfen kake nufi, wannan kam zai iya wuce mu. Kumbon Voyager 1 tun 1977 yake tafiya, kuma gangar jikinsa za ta ci gaba da yawo a sama ko da ya daina magana. Shi ma da ya rikice a ƙarshen 2023, injiniyoyi ne suka yi watanni suna lallaɓa shi daga nan ƙasa. Je ka tashar jirgin ƙasa ta nan garin ka ga tsofaffin ƙarafa. Layin dogon ya iso Gombe a 1963, da yawa daga waɗanda suka shimfiɗa shi sun riga mu gidan gaskiya, ƙarfen na nan kwance cikin ciyawa. Ya gaje su ke nan? Ni dai ban ga abin da ya gada ba. Mu kuma mun riga mun san “kullu man alaiha fan”, ba a cire ƙarfe a ciki ba. A garin nan ma ba sai an jira tsatsa ba, mutum-mutumi ya kuskura cajinsa ya ƙare a bakin Tashar Dukku, kafin magariba 'yan gwangwan sun ɗora shi a sikeli.

Bari in ƙarasa maka labarina, don na san wasu shi suke jira. Ba sai na tuna wa kowa duhun da muka shiga a 2024 ba, lokacin da ɓarayi suka lalata turakun layin wuta na Jos zuwa Gombe, makonni ana zufa. Ni lokacin ina rumfar aro da keken ƙafa, ko a jikina. Shi kuwa ya ɗora na'urarsa a kan janareta ba sitabilaiza, don ƙyashin kashe kuɗi, bod ɗin ya ƙone ana saura 'yan makonni Babbar Sallah, ga shaddodin mutane jibge. Mai gyara sai daga Kano, kayan gyara kuma sai an yi oda. Sai ga yaron nan mai sunkuyar da kai ya zo da yamma, wai maigida yana gaishe ni, wai in taimaka. Ya gaishe ni! Shekara guda bai tambayi ko ina raye ba. Na ce ya gaya masa ɗana na zazzaɓi. Ƙarya na yi, Allah Ya yafe min, yaron lafiyarsa ƙalau, kuma daga baya mahaifiyata ta yi min faɗa sosai, ta ce ba a yi wa ɗa fatan ciwo don huce haushi. Gaskiyarta. Amma daren nan na yi barcin da na daɗe ban yi ba.

Don haka ƙanina kada ka bar ɗinki. Yadi abu ne mai laushi, yana zamewa, yana miƙewa, yana tattarewa, shi ya sa har yau rigunan kanti na Turai mutane ke ɗinka su, a Bangaladash kaɗai kusan mutum miliyan 4 ke wannan aikin. Ka koyi yanka sosai, yanka shi ne ɗinki. Ka koyi karanta jikin mutum, alhajin da zai ce a yi masa awon bara alhali tumbi ya ƙaru, kai ne za ka ƙara inci biyu ka yi shiru. Kuma ka koyi ita na'urar, nan ne ni na yi wauta, na tsaya ina gaba da ƙarfe. Da na koyi zana dizayin a kwamfuta da sa filash da ɗaura firam, da ba a yi min abin da aka yi min cikin sauƙi ba. Yanzu ina koya wajen wani yaro da na girme shi da shekara 15, ina ce masa malam, ban ji kunya ba. Ka sayi kekenka ko na hannu ne, ko da adashi. Kuɗin aikinka kada ya kwana a aljihun maigida ya wuce mako, ko ubanka ne shi, ka ce a rubuta. Ka rage kallon bidiyon nan bayan isha'i, ni sai da hawan jini ya fara leƙo ni.

Ba zan ɓoye maka ba, akwai manyan masana da ke jin tsoro da gaske. Geoffrey Hinton, wanda ake kira uban ƙirƙirarriyar basira, ya bar Google a 2023 don ya samu bakin yin gargaɗi, kuma a 2024 aka ba shi kyautar Nobel, ka ga ba mai surutun shayi ba ne. Sai dai shi ƙwaƙwalwar yake tsoro, da abin da za a yi da ita, ba ƙafafun da ke tuntuɓe a kan titi ba. Wannan ya fi ƙarfina da ni da kai, sai addu'a. Abin da na gani da idona shi ne na'urar nan ba ta ce min komai ba ran 17 ga azumi, tana tsaye da ledarta a jiki, mutum ne ya buɗe baki.

In kana cikin gari ka biyo ta rumfata ranar Asabar bayan azahar, manyan zauren nan sun san wurin, in nuna maka yadda ake fitar da wuyan babbar riga ba tare da ya tattare ba. Ka zo da almakashinka. Wanda kuma yake ganin mutumin nan a cikinku, na san akwai, ya tuna masa riguna bakwai ne, biyu manya biyar kaftani, taransfar har yau ba ta shigo ba.