Laftof Ko Waya? Amsa Ga Malamin Kulob Ɗin 'Yan Jarida

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin Hausa ne a wata sakandaren je-ka-ka-dawo a Zariya, kuma ni aka ɗora wa kulob ɗin 'yan jarida. Ƙungiyar iyaye da malamai ta ba mu ɗan abin da ya samu. Yara sun kafe sai laftof, amma in na saya ko kuɗin biro ba zai rage ba. Ina mafita?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Bana dai a haƙura da laftof. Yara ashirin a kan na'ura ɗaya, ga wuta sai ta ga dama, ƙarshenta mutum biyu ne za su iya ta, sauran su zama 'yan kallo. Ka nemi waya ta hannu mai lafiya. Da ita za su naɗi murya, su ɗauki hoto, su buga labari.

Kafin ka miƙa kuɗi, ka naɗi muryarka a nan cikin hayaniyar kasuwa ka saurara. In ba ka ji kanka sarai ba, ajiye ta, komai kyan kyamararta. Ka duba batir da wurin caji. Sannan ka sa mata manhajar allon rubutu ta Gboard ka zaɓi Hausa, don a samu ɓ, ɗ da ƙ. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurina. Yaron da ya saba rubuta "kasa" alhali "ƙasa" yake nufi, gyara shi daga baya sai an sha fama.

Canjin da ya rage shi ne zai yi aikin gaske. Ka sa kafinta ya yi maka allo a kafa inda kowa ke wucewa, ka sayi kwali da ƙusoshin manna takarda, kowane yaro kuma a ba shi ɗan littafin aljihu. Ka riƙa sayen jaridar Aminiya duk mako. Yanke kanun wani labari ka ɓoye, ka ba su gangar jikin, kowa ya rubuta nasa kanu, sannan a kwatanta da na editan. Za ka ji gardama mai daɗi.

Daga nan ka tura su bakin ƙofar makaranta wurin mai awara. Me ya sa ta rage girman yanka? Nawa take sayen tiyar waken suya yanzu, nawa ne a zangon da ya wuce? Su ji ta bakinta, su ji ta bakin masu saye, su rubuto sunan kowa daidai. Duk wanda ya kawo maka "an ce", ka tambaye shi wa ya ce, ka mayar da shi. Ranar Litinin a manna a allo. Ka tsaya gefe ka kalli fuskar yarinyar da ta ga 'yan aji shida sun yi cincirindo suna karanta abin da ta rubuta.

Ka kuma tuna musu garin da suke. A Zariya aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Abubakar Imam na editanta.

Wayar ta kwana a hannunka, layin da sunanka. Kada hoton yaro ko cikakken sunansa ya hau intanet sai da yardar iyayensa.

Tambaya: 'Yata mai shekara 15 ta cika littattafai da waƙoƙi. Ta ga tallan wani ajin koyon waƙa ta WhatsApp, tana so in biya mata. In biya?

Amsa: Hajiya, Allah ya raya ta. Ki ɗan dakata tukuna. Ki fara saya mata littattafan waƙoƙin magabata irin su Sa'adu Zungur, Mu'azu Haɗeja da Aƙilu Aliyu a shagon littattafan makaranta, ki ce ta riƙa rera su da baki. Rubutacciyar waƙar Hausa kunne ne alƙalinta. Aliyu Namangi makaho ne, amma har yau ana rera Imfirajinsa. In ta rera nata baitocin, da kanta za ta ji ɗangon, wato layin baitin, da ya yi tsawo da inda amsa-amo ya kuɓuce. Ta fara da ƙwar biyu, wato baiti mai ɗango biyu, kada ta yi gaggawar zuwa ƙwar biyar.

In har yanzu tana son ajin bayan wata biyu, ki tambayi mai koyarwar abu ɗaya: zai zauna ya gyara baitocinta ɗaya bayan ɗaya, ko saƙon murya kawai zai riƙa turo wa jama'a? In na biyun ne, ki riƙe kuɗinki. In na farko ne, a yi rajistar da lambarki, darasin farko kuma ki zauna kusa da ita.