Tambaya da Amsa: Kwana biyar a bakin teku ba tare da an killace mu a otal ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin gwamnati ne a nan Sakkwato. Na yi wa maiɗakina alkawarin kai ta ta ga teku, don ba ta taɓa ganinsa ba sai a talabijin. Wani ejan ya kawo mani tsarin Zanzibar, tsibirin nan na ƙasar Tanzaniya: otal guda, ci da sha duk a cikin kuɗin, kwana biyar. Kuɗin ya yi mani nauyi, kuma da na duba hotunan wurin ban ga inda za mu sake ba. Shin akwai yadda za mu yi wagga tafiya da kanmu? Hutuna zai faɗo a watan Afrilu. Daga mai karatu a Mabera.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ba da ikon cika alkawari. Hanya akwai, kuma ita nake zaɓar wa irinku. Waɗannan manyan otal-otal na "komai a ciki" an yanka farashinsu ne da lissafin baƙon da zai wuni yana shan giya a gefen kwamin wanka. Kai da ba ka sha, ka biya wa wani ke nan. Ga shi an zagaye su da katanga, sai mutum ya je ƙasar da kusan kowa Musulmi ne ya dawo bai shiga masallacinta ko ɗaya ba.

Amma kafin maganar masauki, watan Afrilun nan ne ya tsaya mani a rai. Na san dalili: lokacin ne zafin Sakkwato ke kai mutum bango. Sai dai daga Maris zuwa Mayu shi ne babbar daminar Zanzibar, ruwa ake yi ba kama hannun yaro, har wasu masaukai kan rufe. In za a iya matsa maka hutun, nemi tsakanin Yuni da Oktoba, ko Janairu da Fabrairu.

Sai biza. Ɗan Najeriya ba ya cikin waɗanda ake buga wa bizar Tanzaniya a filin jirgi. Ta intanet ake nema, kuma sai an tura takardun an tantance, abin da kan ci makonni. Ka fara aƙalla wata biyu kafin tafiya, kada kuma ka sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin ta fito. Tun Oktoban 2024 Zanzibar ta wajabta wa baƙi inshorar tafiya ta kamfanin gwamnatinta, dala 44 kowane mutum, ko da kana da wata. Katin rigakafin shawara ma dole ne, kuma allurar farko sai ta kwana 10 kafin katin ya fara aiki.

Ka kuma yi lissafin hanya da gaskiya. Daga filin jirgin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku zuwa Abuja, ko mota zuwa Kano, sannan jirgin Habasha zuwa Addis Ababa, sannan wani zuwa Zanzibar. Zuwa ya ci kwana, dawowa ya ci kwana. Kwana biyar ɗinka uku ne a ƙasa. Don haka masauki biyu kacal, kada ka ƙara.

Daren farko ku kwana a tsohon gari, wato Stone Town, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Tsofaffin gidajen 'yan kasuwa ne aka mayar ƙananan masaukai, da karin kumallo a saman bene. Lunguna ne matsattsu da mota ba ta shiga, ƙofofi na katako masu sassaƙa da ƙusoshin tagulla, kiran salla ta kowace kusurwa. Da safe ku shiga kasuwar Darajani. Nan uwargida za ta ga kanumfari da kirfa da masoro a tsibirin da ake noma su, ka dai riƙe aljihunka da kyau. Da almuru kuma a lambun Forodhani ake jera tebura ana gasa kifi da rake ana matsewa. Ka tambayi kuɗi kafin a ɗora maka komai a faranti, kuma ka zaɓi ɗanye a gasa a gabanka, ban da wanda aka tara tun la'asar. Abincin rana kuwa, bi inda 'yan gari ke layi: shinkafar pilau ko biriyani, da kifi a miyar kwakwa, a kan kuɗin da bai kai rabin na gidajen abincin Turawa ba.

Yanzu ga abin da ejan ba zai gaya maka ba, kuma shi ke ɓata wa mutane hutu. Teku yana cika yana janyewa sau biyu a kwana. A gabashin tsibirin, wajen Paje da Jambiani, in ya janye sai ya yi nisa ƙwarai, ka fito da shirin wanka ka tarar da fili fetal, ruwan yana can ƙarshen gani. Lokacin kuma ba tsayayye ba ne, kullum yana jinkirta da kusan minti 50, kuma janyewar ta fi tsanani a tsayuwar wata da daren sha huɗu. Ku Sakkwatawa ba a koya maku lissafin wata, sai ka duba kwanakin tafiyarka. Ni dai ina son gabas ɗin duk da haka, musamman Jambiani, domin ƙauye ne mai rai. In ruwa ya janye za ka ga mata da zannuwansu da lulluɓi sun shiga gonakin ciyawar teku, suna ɗaure ta a igiyoyi tsakanin turaku, yara na tsintar ƙwanso. Uwargida ba za ta ji ta fita daban ba. Ku sa takalmin roba in za ku taka, akwai wata halitta mai ƙaya kamar bushiya da ke maƙale a duwatsu. In kuwa burinku shiga ruwa ne a kowane lokaci, to arewa za ku nufa, Nungwi ko Kendwa, inda ruwan ba ya gudu sosai. Sai dai can ne cunkoson baƙi da kaɗe-kaɗe.

Daga gari zuwa Jambiani bai wuce awa ɗaya da 'yan mintoci ba a tasi. Ka sa mai masauki ya turo maka direba, ku gama ciniki tun a waya. Motocin haya da ake kira dala-dala suna da arha, amma mai kwana uku ba shi da lokacinsu. A kan hanya akwai dajin Jozani mai jajayen birai da babu irinsu sai a tsibirin. In da sauran lokaci, a Kizimkazi akwai masallacin da rubutun bangonsa ke ɗauke da shekarar Hijira 500, wato 1107.

Kuɗi kuwa, riƙi dala sababbi marasa yaga, ka canza kaɗan zuwa shilin, kuɗin ƙasar. Kada ka dogara da katin naira. Ka tambayi mai masauki ko harajin kwana na gwamnati yana cikin farashin ko daban ake biya.

In kuma Afrilun ya zama dole, mance da Zanzibar bana, ka dubi Gambiya. Fasfon ECOWAS ya wadatar, ba biza, damina ba ta fara ba, jama'a Musulmi ne, kuma ana jin Turanci. Ka wuce Kololi inda otal-otal suka taru, ka sauka kudu wajen Sanyang ko Gunjur, ka je Tanji da yamma ka ga shigowar jiragen masunta.

Tambaya: Yarana sun iya iyo a Gulbin Rima. Zan iya barinsu su shiga teku su kaɗai? Daga wata uwa a Arkilla.

Amsa: A'a, Hajiya. Gulbi gefe guda yake tafiya, teku kuwa yana da igiyar da ke jan mutum can ciki nesa da gaɓa, musamman Atilantika a gaɓar Afirka ta Yamma. Ku tambayi masunta inda ake shiga, babba ya tsaya cikin ruwan tare da su, kada ya wuce masu ƙugu. Wanda ruwa ya ja kada ya yi kokawa da shi ya nufo tudu kai tsaye. Ya yi iyo a gicciye, layi ɗaya da gaɓa, har ya fita daga jan.