Yayana Ya Buɗe Min Sirrinsa, In Sanar Da Hajiya?

Tambaya: Malam, yayana yana da shekara 46, yana zaune a nan Kaduna, bai taɓa aure ba. Bayan Babbar Sallah ya kira ni gefe ya ce tun yana saurayi maza yake sha'awa, ba mata ba. Hajiyarmu kuma ta dage sai ya yi aure bana. Na rasa inda zan sa kaina. In faɗa mata?

Amsa: 'Yar'uwa, kada ki faɗa mata, domin maganar tasa ce, kuma amana ya ba ki. Mutumin da ya haɗiye abu shekara talatin, yana jin gorin tuzuranci a kowane biki da suna yana murmushin yaƙe, bai zaɓe ki da ka ba.

Dalilin farko shi ne tsaron lafiyarsa. Dokar da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 kan auren jinsi ɗaya, da shekara 10 kan bayyana irin wannan soyayya a fili, sannan tun 2001 akwai kotunan shari'ar Musulunci a Kaduna. Ban da doka, akwai masu tatsar kuɗi da barazanar tonon asiri, akwai kuma hukuncin 'yan unguwa. Maganar da ta shiga zauren WhatsApp na dangi ba ta dawowa.

A ɓangaren lafiya, Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire sha'awar jinsi ɗaya daga jerin cututtuka a 1990, kuma babu magani ko horo da aka tabbatar yana sauya ta. Saboda haka aure ba zai zama waraka ba. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne yarinyar da za a kawo, wadda za ta shiga ɗaki ba ta san dawan garin ba, ta shekara tana zargin kanta da rashin iya kwalliya ko girki, alhali laifin ba nata ba ne. In Hajiya ta sake tayar da zancen, ki ce mata, "Hajiya, a bar Yaya ya yi magana da bakinsa."

Na san batun addini yana ci miki tuwo a ƙwarya, kuma ni ba malamin fatawa ba ne. Sai dai ba dole ba ne ki warware wannan kafin ki ci gaba da zumunci da shi. Abin da ake gani a asibiti shi ne, wanda dangi suka juya wa baya ya fi faɗawa ciwon damuwa da tunanin kashe kansa.

Ki lura da barcinsa da cin abincinsa. In ya fara ƙaurace wa mutane, ko yana cewa gara ya mutu ya huta, ki raka shi wurin likita a Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Barnawa. Ba lallai ne ya fayyace komai a zuwan farko ba, ya isa ya ce damuwa ce ta kawo shi.