Windows ko Linux: kada a sa ka ƙabilanci

Malam, ka ce 'yan Computer Village na Ikeja sun matsa maka ka goge Windows ka sa Linux. Rabu da gardamarsu, kowa nasa yake yabo kamar 'yan ƙwallo. Idan CorelDRAW ko Photoshop ne abincinka, ba sa hawa Linux kai tsaye, ka zauna inda kake. Sai dai Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma sai kwamfutar tana da TPM 2.0, wani sashen tsaro na cikinta.

Idan kana son gwada Linux, ka zuba Linux Mint (wani nau'in Linux) a filas mai 8GB da manhajar Rufus, ka kunna kwamfutar daga kansa ba tare da girkawa ba. Gwada Wi-Fi da firinta tukuna. Katin Wi-Fi na kamfanin Broadcom yakan ƙi aiki sai an sa masa direba, wato manhajar da ke sarrafa shi.